Sanƙarau Mai Tafiyar Hawainiya



Ba wanda za a koya wa sanƙarau a ƙasar Tambuwal da Kebbe. Mun san lokacinsa, watau daga hunturu zuwa bazara, mun kuma san kamunsa: zazzaɓi da sanƙarewar wuya cikin kwana ɗaya ko biyu. Annobar 1996 da ta 2017 sun ishe mu darasi. To, akwai wani iri wanda ba ya jiran rani, ba ya kuma gaggawa.

Sai ka ga magidanci ya yi mako uku yana ciwon kai, yana ramewa. A ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, a koma na taifot. Ran da ya fara sambatu ko farfaɗiya, sai dangi su ce iska ce ko sammu. Alhali kuwa ƙanjamau, wanda aka fara ba da rahotonsa a Nijeriya cikin 1986, ya daɗe yana rushe garkuwar jikinsa, ba wanda ya sani.

In garkuwa ta faɗi, abubuwa uku ke yawan kai wa ƙwaƙwalwa hari. Akwai Kriptokokas, fumfunar da ke cikin ƙasa da kashin tattabaru. Akwai Toksoplasma, wadda ake samu daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba. Na uku shi ne tarin fuka.

Yaya za a bambanta su? Da farko a gwada ƙanjamau, aikin 'yan mintoci ne. In an same shi, a ƙidaya ƙwayoyin CD4. Ƙasa da 200 alamar haɗari ce. Daga nan a nemi Kriptokokas a jini, a kuma ɗebo ruwan laka a auna. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye kuwa, a fara kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa.

Wannan bambancewa ita ce rai. Allurar sanƙarau ba ta taɓa fumfuna. Kana wanda Kriptokokas ta kama, sai an yi mako huɗu zuwa shida ana kashe ta kafin a ɗora shi kan maganin ƙanjamau.

Saboda haka roƙona ga ma'aikatan lafiya shi ne: duk baligin da ciwon kai ya ƙi saki, a nemi yardarsa cikin sirri a gwada shi tun yana cikin hayyacinsa.

Allah ya ba mu lafiya.