Sheƙa a Bisa Kan Kada

Karatu: Ayyukan Manzanni 23:12-24

Yau za mu ɗauki darasi daga wurin tsuntsaye, gama a cikin Matiyu 6:26 Ubangijinmu da kansa ya aike mu makarantarsu.

A kudancin jihar Florida ta ƙasar Amurka akwai wata makekiyar fadama mai suna Everglades. Ruwanta yana malalowa a hankali cikin ciyawa har ya gamu da ruwan gishiri a bakin teku. A shekara ta 1947 gwamnatin ƙasar ta keɓe babban yanki nata ya zama gandun da ba a farauta a ciki. Da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, ruwa yakan janye, kifaye su taru a 'yan kududdufai. A lokacin ne tsuntsaye masu dogayen ƙafafu sukan cika wurin: zalɓe, da jinjimi, da dangin shamuwa, da farare irin balbela, da wani jaja-jaja mai baki kamar cokali. Tare da su kuma akwai kadan ƙasar, wanda ake kira aligeta, mai faɗin baki fiye da namu na nan.

Masu ɗaukar hoto sukan yi sammako su tsaya a kan gadar katako, riƙe da kyamara mai dogon hanci wadda ke jawo nesa kusa. Aikin na mai haƙuri ne. Mutum yakan yi sa'a guda bai motsa ba, yana jiran zalɓe ya cafki kifi. Masu kula da gandun sun gargaɗi kowa ya bar tazarar ƙafa 15 tsakaninsa da kada, dokar jihar kuma ta hana ba shi abinci.

Wanda ya daɗe yana kallon tsuntsayen nan zai lura da wani abin mamaki. In lokacin yin ƙwai ya yi, sukan gina sheƙunansu a kan itatuwan da kadoji ke kwance a gindinsu. Me ya kai su? Akwai wata 'yar dabba da ake kira rakun, gwanar hawan itace, ɓarauniyar ƙwai da 'yan tsaki. Ita ce babbar maƙiyiyar sheƙa. Amma kafin ta kai ga itacen sai ta ratsa ruwa, cikin ruwan kuwa ga kada. Sabili da haka abin da tsuntsu ke tsoro shi ne ya zama masa mai gadi. A shekara ta 2016 masana na Jami'ar Florida sun buga sakamakon bincikensu, inda suka nuna cewa kadojin da ke zaune kusa da waɗannan sheƙuna sun fi sauran ƙiba, domin suna cin 'yan tsakin da suka faɗo. Ashe kada ba don ƙauna yake gadin ba, cikinsa yake yi wa aiki. Duk da haka sheƙa ta tsira.

'Yan'uwa ƙaunatattu, mu juya ga karatunmu. Manzo Bulus yana tsare a Urushalima, a hannun sojojin Roma. Roma ba abokiyar bishara ba ce. Sojojinta ne suka gicciye Ubangijinmu, su ne kuma suka ɗaure Bulus da sarƙa. Sai mutum fiye da 40 suka yi rantsuwa ba ci ba sha sai sun kashe shi. Ɗan 'yar'uwarsa ya ji labari, ya kai wa shugaban sojoji. A daren nan aka fitar da Bulus zuwa Kaisariya da rakiyar sojan ƙasa 200, da mahaya 70, da masu māsu 200. Mutum 470 domin fursuna guda! Shugaban sojojin nan bai tuba ba, matsayinsa yake karewa, gama Bulus yana da 'yancin ɗan Roma. Amma Allah ya riga ya faɗa wa Bulus a aya ta 11 cewa zai yi shaida a Roma, sai ya mai da masu tsaronsa suka zama garunsa.

Da yawa daga cikinmu muna zaune a inda ba mu zaɓa ba. Wani yana aiki ƙarƙashin maigida mai zafin rai. Wata tana aure a gidan da ba a son jin sunan Yesu. Wani baƙo ne a garin da ba ya jin harshensu. Kullum addu'armu ita ce, ya Allah, ka kawar mana da wannan kada. Wani lokaci yakan kawar. Wani lokaci kuwa yakan bar shi, domin yana ganin ɓarawon da ke zagaya bakin ruwa, wanda mu ba mu gani ba.

Amma ga gargaɗi. Tsuntsu bai taɓa ɗaukar kada aboki ba. A sama yake gini, inda baki ba ya kaiwa. Lutu ya kafa alfarwarsa kusa da Saduma, kafin a jima sai ga shi zaune a cikinta, ƙarshe ya fita ba dukiya ba mata. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Muna iya zama kusa da mugu, mu ba shi girman da ya dace, mu yi masa addu'a, amma cin hancinsa da ƙaryarsa ba namu ba ne. Addu'a, da karatun Maganar Allah, da zumunta da 'yan'uwa, su ne reshen da ke riƙe sheƙarmu a sama.

Ba za mu kuwa ruɗe ku da cewa babu hasara ba. A fadamar nan 'yan tsaki suna faɗuwa. Bulus ma ya tsira a daren nan, amma ya ƙara shekara 2 a tsare a Kaisariya. Ta'aziyyarmu tana cikin Matiyu 10:29-31, inda Yesu ya tabbatar mana ko ƙaramin tsuntsu ba ya faɗuwa a ɓoye ga Uba, mu kuwa darajarmu ta fi tasu nesa.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, kai ne ka halicci tsuntsu, kai ne ka halicci kada, dukansu suna ƙarƙashin ikonka. Ka ba mu idon ganin kāriyarka a inda muke jin tsoro, ka riƙe mu a sama domin mu zauna da tsarki. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.