Jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Matamaye: mu karanta kontar ɗinmu da kanmu



Da yawa cikinku sun ja wutar NIGELEC. Amma in takardar biya ta zo, sai a ji mai gida yana cewa an cuce shi, alhali bai taɓa duban kontar da ke bangonsa ba. Kontar mudu ce. Wanda ya iya lamba ya iya karanta ta.

Abin da take aunawa shi ne kilowat-awa. A takarda ana rubuta shi kWh. Dutsen guga mai wat 1000 in ya yi awa guda yana aiki, ya ci kilowat-awa 1.

To, ku ɗauki kayenku. Kowace safiya, bayan salla, ku rubuta lambar da kuka gani. Gobe ku sake rubutawa. In jiya 412 ce, yau 415, ku ɗebe: gidanku ya ci 3. Ranar da kuka ga 7, ku tambaya me aka kunna.

Ga wani lissafi. Tsohon ƙwai mai wat 60, awa 5 kowane dare, yana cin 9 a kwana 30. Sabon ƙwai na LED mai wat 10 yana cin 1 da rabi, haskensu kuwa kusan ɗaya. Ƙwai huɗu a gida, bambancin ya kai 30 a wata. Mai firigo na sayar da ƙanƙara, shi ma ya lissafta, don ya san ko riba yake ci ko wahala.

Masu gida biyu ko uku a kan kontar guda, ku ne na fi ji wa. Zumunci yana lalacewa kan wannan takarda. A ajiye kaye ɗaya, kowa ya gani da idonsa.

Wutar nan daga nesa take zuwa. Ta jihar Damagaram, akwai wadda ake sayowa daga Nijeriya, ta layin Katsina zuwa Gazawa. Kun tuna duhun Agusta 2023, lokacin da aka yanke.

Ku gwada wannan yau: kashe komi a gida, ku dubi kontar. In tana tafiya, akwai wayar da ke zubar da wuta, ko wani ya ja daga taku. Kada ku taɓa, kada ku buɗe. A kira ma'aikacin lantarki.

Ran Asabar kowa ya zo da lambobinsa na kwana bakwai, mu yi ɗebewar a allo.