Wake a Abincin Shanun Turka: Jawabi Ga 'Yan'uwa Mazauna Birane



Da yawa daga cikinmu kan aiko kuɗi gida a sayi sa, a ɗaure shi a turke har Babbar Sallah. Tun da satar shanu ta addabi dazuzzukan Faskari da Sabuwa, turka a cikin gida ta ƙara daraja. Sai dai abincin ne ke cinye ribar, domin angurya da masana'antun gurzar auduga na Funtuwa suka saba wadata mu da ita ta yi tsada, dusa ma haka.

Shi ya sa masu kiwo suka karkata ga waken da kasuwa ta ƙi, wato ɓararre da wanda ƙwari suka huda. Dabarar ba laifi ba ce. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar wake furotin ne, sinadarin da ke gina tsoka. A Amurka ma ana zuba wa shanun turka waken da aka tsince aka ware, amma kaɗan a cikin haɗi, saboda ɗanyen wake yana ɗauke da sinadaran da ke dagula narkewar abinci. Idan ya yi yawa, sai sa ya kama zawo, ya juya wa abinci baya. Don haka a dafa shi ko a soya, a ɓarza, a gauraya da dusa da kowa, a fara da ɗan kaɗan ana ƙarawa sannu a hankali. Harawa kuwa, wadda kakanninmu ke jibgewa a kan rumfa, ita ce uwar abincin har gobe.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne waken da aka adana da fiya-fiya. Saboda irin wannan guba ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Nijeriya a shekarar 2015. Arharsa takan ruɗi mai kiwo, alhali sa na dubban ɗaruruwan naira yana iya faɗuwa a dare guda, kuma naman iyalanmu ne za su ci.

Muna roƙon duk mai sa a turke a Bakori, Ƙafur ko Malumfashi ya tambayi mai kula da shi inda waken ya fito. Muna kuma ba ƙungiya shawarar ta sayo buhunan PICS masu adana wake ba da magani ba, ta raba wa manomanmu kafin kaka, sannan ta gayyato masana daga cibiyar NAPRI ta Shika su koyar da haɗin abinci.