Ranar Da Ke Ɓata Madara Ita Ce Yanzu Ke Sanyaya Ta



Dukanmu mun san abin da zafi ke yi wa madara. Tana fita daga hantsar saniya da ɗumi wajen digiri 37. In ba a saukar da ita zuwa digiri 4 cikin 'yan awoyi ba, sai ta tsinke. Shi ya sa da damina madara ke yi mana yawa a ruga, alhali mutanen birni suna shan madarar gari daga Turai. Haka kuma allurar rigakafin dabbobi: yawancinta tana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8. In ta sha zafi a hanya, to ruwa kawai aka tsira wa saniya, ciwon huhu kuma yana nan.

Firijin hasken rana na da yana aiki da batir, batir kuwa zafi ke kashe shi, sai a bar firiji ya zama akwati. Daga shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara amincewa da wani sabon iri marar batir. Da rana faifan sola yana juya injin, injin ya daskarar da ruwa a cikin bangon firijin. Da dare wannan ƙanƙarar ce ke riƙe sanyi. Akwai masu riƙewa kwana 3 ko fiye ko da hadari ya rufe rana. Kuɗin faifan ma ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020.

To amma jama'a, mai sanyi shi ke yanka farashi. In ɗan kasuwa kaɗai ke da tankin, yadda ya ce haka za mu sayar, domin madara ba ta jiran ciniki. A Hamdallaye da Kollo, kusa da Yamai, ƙungiyoyin makiyaya suna da wuraren tara madara kafin a kai birni. Mu ma mu haɗa kuɗi, mu sayi namu. Mu ware wani abu daga kowace lita don gyara, mu koya wa yaranmu goge ƙurar faifan. Matanmu masu tatsa da talla su kasance cikin masu riƙon asusun, don madara tasu ce.

Allah ya ba mu damina mai albarka.