Ƙafar Ɓera da Gwiwar Tsoho: Gwajin Itatuwan Maganin Amosanin Gaɓɓai



Zan fara da gwajin da kowane ɗalibin harhaɗa magunguna ya sani. A shekarar 1962 Charles Winter da abokan aikinsa biyu a kamfanin Merck na Amurka suka wallafa wata hanya mai sauƙi. Akwai karajinan, wani abu mai yauƙi da ake cirowa daga jan tsiron teku. Shi ake yi wa ɓera allura a tafin ƙafar baya, cikin awa uku zuwa biyar ƙafar ta kumbura suntum. In an riga an ɗura wa ɓeran magani, sai a auna a ga ko kumburin ya ragu. Wannan gwaji ya taimaka wajen fito da maganin indometasin. Ba shi da tsada, yini guda ya ishe shi, shi ya sa ya cika kundayen digiri a jami'o'inmu.

Sai dai kumburin karajinan da kansa yake sacewa bayan kwana ɗaya ko biyu. Amosani kuwa gara ce a cikin azara, a hankali yake ci. Wani na zaizayewar guringuntsi ne, irin wanda ke kama gwiwar tsoho da ta dokin da ya sha sukuwa. Wani kuma garkuwar jiki ce take juyowa ta afka wa gaɓɓan mai ita. Don haka in ɗalibi ya ga tsimin saiwa ya rage kumburin awa biyar, sannan ya rubuta cewa ya gano maganin amosani, ya faɗi abin da ɓerayensa ba su nuna masa ba.

Gwajin da ya fi kusa da cutar ya daɗe da samuwa. Tun 1956 Carl Pearson ya nuna cewa in aka yi wa ɓera allurar matattun ƙwayoyin cuta dangin na tarin fuka a cikin mai, bayan kamar mako biyu har ƙafar da ba a taɓa ba tana kumbura, ƙashi ya fara lalacewa. A 1977 David Trentham ya zo da wani, mai amfani da kolajin ɗin guringuntsi. Waɗannan suna cin makonni, suna bukatar hoton ƙashi da duba gaɓa a madubin likita, kuma wanda ke aunawa bai kamata ya san wane ɓera aka ba me ba, don ido yakan ga abin da zuciya ke so. Dabbar tana shan wahala ƙwarai, saboda haka in gwajin ba zai amsa tambaya ba, haƙƙinta yana wuyanmu.

Kada wani ya ɗauka ina raina itatuwa. Asfirin, wanda aka haɗa a kamfanin Bayer a 1897, asalinsa daga sinadarin ɓawon wata bishiya ce da Turawa suka daɗe suna sha don zazzaɓi, kuma sai 1971 John Vane ya gano yadda yake toshe sinadaran da ke haddasa kumburi. Mu ma muna da namu. A kankare saiwar uwar magunguna a sunsuna, ƙamshin man zafi za a ji, domin tana ɗauke da ɗan'uwan sinadarin asfirin. Hano, ko ararrabi, sunansa na kimiyya Boswellia dalzielii, an raɗa masa shi ne don tunawa da John Dalziel, likitan da ya wallafa ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa a 1916. Ɗan'uwan hano na Indiya an yi nisa wajen nazarin ƙaronsa, har da gwaji a jikin mutane masu ciwon gwiwa. Namu ne muka bari a matakin farko.

Ga inda muke yawan tuntuɓe. Mai magani ya ce a jiƙa sassaƙe a ruwa a sha; mai bincike ya tatso da metanol, ya yi wa ɓera allura a ramin ciki. Abin da aka gwada daban, abin da jama'a ke sha daban. Hanji ba komai yake bari ya shiga jini ba: sinadarin gangamau yana abin mamaki a kwalbar gwaji, amma in an haɗiye shi kaɗan ne ƙwarai ke kai wa jini. Sannan ɓawon da aka sassaƙo a Zariya da damina ba lallai ƙarfinsa ya zo ɗaya da na Damagaram da rani ba.

Batun guba ya fi damuna. Hanyar Lorke ta 1983 da muke yawan bi tana duba ko ɓera ya mutu ne cikin kwana guda. Mai amosani kuwa watanni zai yi yana sha, don haka sai an ba dabba tsimin kwana 28 ko 90, a duba hanta da ƙoda da tumbi. Uwar magungunan nan da na yaba, in ta yi yawa kisa take yi. Kuma jikin kowace halitta da nasa hali. Farasitamol da muke sha yana kashe kyanwa. Dikulofenak da aka riƙa yi wa shanu a Indiya ya kusa ƙarar da ungulun ƙasar ta hanyar mushe, har aka hana ba dabbobi shi a 2006.

Ku masu magani, ga roƙona gare ku. In za ku ba mu itace, ku faɗa mana garin da aka samo shi, da lokacin shekara, ganye ne ko saiwa, jiƙawa ake yi ko dafawa, da kanwa ko babu. Mu kuma mu ajiye samfurinsa a ma'ajiyar tsirrai irin ta Jami'ar Ahmadu Bello, da lambarsa, mu gwada shi ta baki yadda kuke bayarwa, mu dawo muku da sakamako ko da ya nuna bai yi aiki ba.