Jawabin Bikin Yaye Ɗaliban Injiniya

Mai girma Shugaban Jami'a, shehunan malamai, iyayenmu da suka taso daga nesa da kusa, da ku ƙannena da ake yayewa yau.

'Yan mintocin da aka ba ni zan ƙarar da su ne kan mutum ɗaya, Farfesa Shuji Nakamura na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara. An haife shi a Japan a 1954, ya karanta injiniyan lantarki a Jami'ar Tokushima, sannan a 1979 ya kama aiki a Nichia, kamfanin da a lokacin ba kowa ya san da zamansa ba.

A wancan zamani akwai ƙwan LED ja, akwai kore, amma shuɗi mai haske ya gagari kowa. Kuma sai da shuɗin ake samun farin haske, idan aka lulluɓe shi da wani sinadari mai ba da ruwan ɗorawa. Nakamura ya rungumi galiyom naitaraid, sinadarin da yawancin masana suka riga suka fid da rai da shi. Ga yadda aikin yake: a sa ɗan faifan safaya cikin na'ura, a gasa shi da zafin da ya kai digiri 1,000, a riƙa hura masa gas har sinadarin ya kwanta hawa-hawa, wani hawan kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na silin gashi ba. Na'urar da aka saya ta ƙi ba da abin da ake so. Bai zauna jiran masu ita ba. Ya kwance ta da hannunsa, da safe gyara, da rana gwaji, har ya ƙara mata hanyar gas ta biyu daga sama, mai danne ta farko a kan faifan. A 1993 shuɗin ya haska.

Iyaye, ku ji wannan: sai a 1994 ya sami digirin dakta, wato aikin ne ya riga takardar. Daga baya Amurka ta ba shi kujerar farfesa, a 2014 kuma ya karɓi kyautar Nobel tare da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano. Tocilar maigadi da fitilar sola da ke teburin mai shayi, waɗanda suka kori aci-balbal, daga wannan aiki suka fito.

Ƙannena, a ganina injiniyan da ke jin tsoron kwance na'ura da sauransa, ko da wace irin daraja ya fita. Ranka ya daɗe Shugaban Jami'a, ina roƙon a buɗe ɗakunan gwaji ga 'yan bayansu, a bar su su taɓa, su ɓata, su gyara.