RUBUTACCEN SHIRI: Wa ya sauke Tyranitar daga OU? Yadda ake gyara teburin Pokémon

  Yau hirar ta 'yan Pokémon ce, musamman masu buga fafatawa a Pokémon Showdown. Wanda bai taɓa bugawa ba ma kada ya gudu, zan bi abin a hankali.

Abin da ya jawo maganar, wani saƙo ne da wani ɗan'uwa ya turo min cikin fushi. Ya ce ya daɗe bai buga ba, ya dawo ya tarar an sauke Tyranitar daga OU, dodon da yake alfahari da shi tun yana sakandare. Tambayarsa ita ce wane ne ya zauna ya yanke cewa Tyranitar ba shi da ƙarfi? Mutumina, amsar a taƙaice: ba wanda ya zauna ya yanke. Amma sai na yi bayanin yadda injin yake juyawa kafin ka yarda da ni.

Mu fara da su waye masu teburin. Kamfanin Game Freak ne ke ƙera gem ɗin, amma ba shi ya ƙirƙiro OU da UU ba. Wannan aikin Smogon ne, wata al'umma ta 'yan wasa a intanet da ta faro a 2004. Gasar kamfanin ta hukuma, wato VGC, dodanni biyu-biyu ake fitarwa fili, kuma dokokinta daban. Teburin da muke magana a kai na ɗaya-da-ɗaya ne, kowa ya zo da dodanni shida. Shi ne yawancinmu muke bugawa, saboda Showdown kyauta ne, yana buɗewa a burauzar waya, kuma ba sai ka mallaki Nintendo Switch ba.

To me ya sa ake buƙatar tebur tun farko? Yanzu Pokémon sun kai 1,025. In ka zuba su duka a fili ɗaya ka ce kowa ya zaɓi shida, 'yan ƙalilan ne za su riƙa fitowa, sauran su zama 'yan kallo. Shi ya sa aka raba su aji-aji. A sama akwai Ubers, gidan manya irin su Mewtwo da Kyogre. Ƙasa da shi OU, babban filin da aka fi bugawa. Sai UU, sai RU, sai NU, sai PU, haka ake gangarowa. Dokar mai sauƙi ce: ɗan ƙaramin aji yana iya hawa ya buga a sama, amma ɗan babban aji ba ya saukowa ya zalunci na ƙasa.

Yanzu ga wurin da nake so a kasa kunne. Injina biyu ne ke motsa teburin nan, kuma mutane na yawan haɗa su.

Injin farko lissafi ne zalla. Ana tattara duk wasannin da aka buga a tsanin OU, a ga sau nawa aka ɗauki kowane dodo, kuma wasan ƙwararru ya fi nauyi a lissafin fiye da na sabon shiga. Duk dodon da ya haura kashi 4.52 cikin ɗari, ɗan OU ne. Wanda ya gaza, ya faɗa UU. Can ma a sake wannan lissafin a fitar da 'yan RU, har ƙasa. In abubuwa sun lafa, kusan duk bayan wata uku ake yin babban sauyin.

Za ka ce daga ina aka samo 4.52 ɗin nan? Ba kame-kame ba ne. Ma'anarsa, in ka buga wasa 15, damar ka haɗu da dodon nan aƙalla sau ɗaya ta kai rabi. A da 3.41 ne, wanda ke daidai da wasa 20, aka ɗaga shi a zamanin Sword da Shield. Ka ga ke nan tambayar da injin nan yake amsawa ita ce, shin mutane na ɗaukar dodon nan? Bai san ƙarfi ba, bai san tarihi ba, bai san kana son shi ba.

Mu dawo kan Tyranitar. Tun zamanin Gold da Silver yake cikin manya. Amma a Sword da Shield aka cire harin Pursuit daga gem ɗin gaba ɗaya, wanda da shi yake kama dodon da ke shirin guduwa. Sannan da Scarlet da Violet suka fito a Nuwamban 2022, sai ga Great Tusk ya cika ko'ina. Tyranitar nau'insa Rock da Dark ne, harin Fighting ninki huɗu yake yi masa, Ground kuma ninki biyu, shi kuwa Great Tusk duka biyun yake ɗauke da su. Wa zai so ya fito da dodon da babban abokin gabansa ke cikin kusan kowace tawaga? Mutane suka rage ɗaukarsa, lissafi ya sauke shi. Jimillar ƙarfinsa na nan 600 yadda take. Unguwar ce ta canza masa.

Garchomp ma haka. A zamanin Diamond da Pearl ƙarfinsa ya yi yawan da sai da aka kore shi zuwa Ubers. A zubi na tara kuwa, shi ma sai da ya zame daga OU. Dodo ɗaya, lambobi ɗaya, zamani daban.

Akwai kuma akasin haka. Quagsire ya daɗe a ƙananan azuzuwa, amma masu salon tsaro sun sha ɗaukarsa su shiga da shi OU, saboda baiwarsa ta Unaware da ke yin biris da duk ƙarin ƙarfin da abokin karawa ya tara. Aikinsa ɗaya ne, kuma ya iya shi. Don haka in ka ga dodonka a RU ko NU, kada ka ɗauka an ce ba shi da amfani.

Injin na biyu shi ne kora, kuma nan ne mutane suke sa hannu. Kowane aji yana da majalisa ta ƙwararrun 'yan wasa. In wani dodo ya fi ƙarfin ajin a fili, majalisa na iya korarsa nan take. Haka aka yi wa Flutter Mane da Houndstone kwanaki kaɗan bayan fitowar Scarlet da Violet, Palafin da Iron Bundle suka bi bayansu. In kuma abin akwai ja-in-ja, sai a buɗe gwajin tuhuma. Kowa na iya shiga, amma sai ka hau tsani, ka kai wani matsayi na nasara a cikin kwanakin da aka ɗiba, sannan a ba ka ƙuri'a. A OU kuma sai kashi 60 sun amince kafin a kori abu.

Ni dai ina son tsarin nan, duk da na taɓa nema na kasa kai matsayin. Ya yi min zafi, amma na fahimta. Wanda aka lallasa sau uku a jere da dodo ɗaya, a daren nan zai ce a kore shi. Wanda ya buga wasa da yawa ya ci, shi ya san ko akwai maganinsa ko babu. Kashi 60 ɗin kuma yana nufin ba a cire abu daga gem sai an tabbata.

Kuma kashi 60 ɗin yana cizo. Ku tuna rigimar Tera, wato damar da dodo ke da ita ta sauya nau'insa sau ɗaya a wasa. An yi gwajinta a ƙarshen 2022, masu son a ɗauki mataki suka samu kashi 59 da ɗoriya. Saura ƙiris, amma ba su kai ba, Tera ta zauna. Ka kwatanta da Dynamax, wanda aka kora daga OU a Disamban 2019 da gagarumin rinjaye. Masu adawa da Tera sun ji haushi, har yau wasu ba su huce ba. Amma doka ce aka sani tun kafin a jefa ƙuri'a.

To me ke faruwa in injinan biyu suka yi karo? A nan ake samun abin tausayi. Dodo ya faɗo daga OU don ba a ɗaukarsa, ya iso UU ya fi ƙarfin kowa, a kore shi. Sai a ajiye shi a wani jeri da ake kira UUBL. Ba fili ba ne, ba a buga wasa a can. Jerin sunaye ne na waɗanda suka yi wa ƙasa girma, sama kuma ba ta nemansu. Wannan ne raunin tsarin da na fi yarda da shi, domin manufar tebur ita ce kowa ya samu filin bugawa, ga kuma wasu a tsaye a bakin ƙofa.

Har Ubers ɗin ma an taɓa fin ƙarfinta. A ƙarshen 2014, Mega Rayquaza ya fito ya gagari manyan ma, sai da aka buɗe wani sabon fili, AG, inda kusan ba a hana komai, aka tura shi can.

Yanzu ga ra'ayina, kuma na san za a yi min ca. In za a gyara, a cire mafi ƙanƙantar abin da ke kawo matsalar. Mu ɗauki Houndstone. Shi kansa dodo ne matsakaici. Abin da ya sa aka kore shi hari ɗaya ne, Last Respects. Ƙarfinsa 50 ne, amma duk ɗan tawagarka da ya faɗi sai ya ƙaru da 50. In biyar sun faɗi, ya zama 300. Ga baiwar Sand Rush da ke ninka masa gudu in ana guguwar yashi. Sai ka bari a kashe maka kowa, ka fito da shi a ƙarshe ya share fili. Aka kore shi zuwa Ubers, inda ba shi da wani abin a zo a gani sai wannan harin. Sai a tsakiyar 2023, da Basculegion ya shigo ɗauke da harin iri ɗaya, sannan aka haramta harin kansa aka sako Houndstone. Da aka sako shi kuwa, can ƙasa ya gangara. Wato watanni ya yi a tsare kan laifin makamin da ke hannunsa. Cyclizar da harin Shed Tail ma kusan labarin ɗaya ne.

Amma bari in yi wa Smogon adalci, don suna da hujja. Ƙa'idarsu ita ce ba a haramta hari sai an ga yana ɓarna a hannun dodo fiye da ɗaya. Tsoronsu, in aka buɗe ƙofar nan ba za ta rufu ba. Wani zai ce a dawo da Blaziken amma ba Speed Boost, wani ya ce a bar Mewtwo ya shigo OU in dai ba zai riƙe hari kaza ba. Kafin ka ankara dokokin sun zama littafi guda, sabon shiga ya ga ba zai iya ba ya kama gabansa. Wannan magana ce mai nauyi. Inda na tsaya shi ne, in kowa ya ga ƙarara cewa hari ɗaya ne matsalar, kamar Last Respects, bai kamata a jira sai dodo na biyu ya zo ya ba da shaida ba.

Kada kuma mu manta Smogon ba ta iya taɓa lambobin dodo. Bari ko hanawa kawai take iyawa. Mai wuƙa da nama Game Freak ne, kuma yana gyaransa in zai fitar da sabon zubi. A X da Y, 2013, ya kawo nau'in Fairy don ya taka wa Dragon birki. A Sun da Moon ya rage wa Gale Wings ƙarfi, ta koma aiki kawai in jinin dodo a cike yake, nan take Talonflame ya rikito daga OU. A Sword da Shield ya rage lambobin Aegislash daga 150 zuwa 140. A Scarlet da Violet ya raba yawan amfani da hare-haren warkarwa irin su Recover gida biyu, masu salon tsaro suka ji a jikinsu. Sai dai kamfanin idonsa ya fi karkata ga VGC, shi ya sa abin da ya zauna daidai a wasan biyu-biyu yakan zo ɗaya-da-ɗaya ya zama bala'i. Dynamax misali ne.

Tunda na ambaci VGC, masu son ƙananan dodanni ba sa mantawa da 2014, shekarar da Sejun Park na Koriya ta Kudu ya ci gasar duniya da Pachirisu a tawagarsa, ɗan kuregen nan da ba wanda ya sa a lissafi. Ya ɗauke shi ne saboda aiki takamaimai: ya riƙa janye hare-hare zuwa kansa da Follow Me, abokinsa ya samu sarari ya yi ɓarna.

To ɗan'uwa mai Tyranitar, ga shawarata. Hanya biyu gare ka. Ko, in har yana ƙaramin aji, ka bi shi ka buga a can, inda zai yi sarautarsa, ko ka riƙe shi a OU, don ba wanda ya hana ka, amma ka sa masa abokin da zai tare masa Great Tusk. Sauran jama'a kuma, in an kusa sauyin tebur, ku duba tawagarku ta ƙaramin aji, domin dodon da kuka dogara da shi yana iya hawa sama a wayi gari ba ku da shi. Ni an taɓa yi min haka, na kwana ina gina tawaga, bayan kwana biyu ginshiƙinta ya tashi.

Ku gaya min a ƙasa: wane dodo ne kuke ganin an zalunta, kuma Tera ta zauna ko ta tafi? Zan karanta amsoshinku a shiri na gaba in Allah ya kai mu.